Tanki na Ƙarshe

Kifin farko ya juya cikinsa sama ne a tankin da bai kamata komai ya mutu a cikinsa ba.

Uwar Kifi, kamar yadda abokan aiki ke tsokanarta, ta yi tsaye cak a gaban tankin. Aikinta a ɗakin gwajin shi ne ta jera tankunan gilashi, ta ɗiga musu ruwan da masana'antar rini ke zubarwa a kogi, wani kaɗan wani da yawa, ta saki 'ya'yan kifi, ta ga inda mutuwa ke farawa. Tanki na ƙarshe kuwa tsabtataccen ruwa zalla ake zuba masa, don da shi ake auna sauran.

To jiya injin tace ruwa ya lalace, ragowar ruwan bai kai ga na ƙarshen ba. Ita kuma ba ta iya jira ba. Ta ciko jarka daga rijiyar gidanta, ruwan da ta ishi kowa da yabonsa, wanda da shi ake haɗa wa jaririnta madara.

Dakta, shugaban ɗakin, ya leƙo ta saman tabarau.

"Kin wanke tankin nan kuwa?"

"Da hannuna, Dakta."

"Iska na shiga?"

Ta nuna masa kumfar da ke tasowa. Wani kifin ya karkace, yana buɗe baki yana rufewa.

"To gwaji ya ɓaci. Ina kika samo ruwan?"

Ta faɗa masa, ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, don Dakta ba ya raga wa kowa. Sai ya cire tabarau, ya dubi tankunan da aka ɗiga wa ruwan rini, inda kifaye ke ta wasansu, ya dawo kan nata.

"Kira gida," ya ce a hankali.

Taushin muryar ya fi tsawa firgita ta. Wayar ta yi ta ƙara kamar ba za a ɗauka ba, kafin muryar mahaifiyarta ta fito.

"Mama, kada ki haɗa masa madara da ruwan rijiya."

"Ke dai kin cika tsirfa, 'yar nan. Ai ya shanye tas, har na ƙara masa. Yau ko rigima bai yi ba, tun ɗazu yake barci."

Ta dafa teburin da hannu ɗaya, idonta a kan tankin.

"Mama, tashe shi," ta ce. "Tashe shi in ji kukansa."