Yawon Buɗe Ido a Gadabeji

Tun daga Bugaje Mutmainna take koya wa kakanta amsar da zai bayar a iyaka.

"In suka tambaye mu, ka ce yawon buɗe ido za mu. Shi suka sani. Wanda ya ce haka, har ɗan rakiya ake ba shi ya shiga da shi dajin Gadabeji."

Malam Lado, kakan nata, ya gyara zama a motar hayar da suke ciki. Yanar ido ta rufe masa idanu shekaru uku ke nan, kuma tun da likita a Katsina ya ce zuciyarsa ta gaji, ba ya da zance sai Gadabeji. Can arewa da Maraɗi aka haife shi, can aka binne mahaifiyarsa yana yaro, kafin Faransawa su shata wurin su ce na namun daji ne, makiyaya su kora dabbobinsu waje. Bai sake komawa ba. Mutmainna ta san in yau aka mayar da su, babu wata tafiyar.

Sun wuce Magama, shingen ɓangaren Najeriya, lafiya. A ɓangaren Nijar, wani jandarma mai furfura a gemu ya leƙo cikin motar.

"Ina zuwa?"

"Gadabeji, ranka ya daɗe," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Yawon buɗe ido."

Jandarman ya dubi idanun tsohon, farare fat, ya dube ta.

"Buɗe ido? Da wane idon? Ɗiyata, daji hekta dubu saba'in da wani abu, ga hali na yanzu, ki zo mini da wannan zance? Ku sauko."

Direba ya yi tsaki, ya fara kwance jakarsu daga saman mota. Mutmainna ta buɗe baki za ta yi bayani. Duk abin da ta karanta a jami'a game da dajin, raƙuman dawan da aka kai, da matasan da ke cin abinci da rakiyar baƙi, ya tsere mata.

Malam Lado ya lalubo ƙofa ya sauko da kansa.

"Amaryar tawa ce ta so ta yi mini kwalliya," ya ce. "Yaro, ni ba kallo za ni ba. Ziyara za ni. Innata na kwance a wurin, gabas da wata rijiya, gindin aduwa."

Jandarman ya matso kusa da shi.

"Baba, ni mutumin Dakoro ne. Ciyawa ta rufe ko'ina, aduwa kuwa ta fi dubu. Ba za ka gane kabarin ba."

"Ko da idona ba zan gane ba. A tsayar da ni cikin dajin, a juya ni alƙibla. Sauran na Allah ne."

Jandarman ya dubi tsohon. Sannan ya ɗaga wa direba hannu ya mayar da jakar.

"In kun isa, ku nemi Arzika cikin masu gadin dajin, ƙanena ne. Ki faɗa masa abin da Baba ya faɗa, ba naki ba." Ya rage murya. "Baba, tawa uwar ma bara ta rasu. Ka sa ta a cikin addu'ar."

"Sunanta?"

"Barira."

Tsohon ya maimaita sunan a hankali. Mutmainna ta kama hannunsa ta mayar da shi mazauninsa, aka ɗage sandar shinge, motar ta kama hanyar Maraɗi.