Fijon Sista Sabuwa a Bakin Rafi

Sista Sabuwa ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke hanyar Shabu. Ta daɗe tana wannan aiki, har wasu daga cikin 'yan matan da ta karɓi haihuwarsu sun fara zuwa awo wurinta. Kullum a motar haya take zuwa aiki daga Lafia, in kuma aka kira ta ƙauye sai a bayan keke ko babur. A farkon shekarar 1983 ta ce ta gaji, za ta sayi mota, kuma ita za ta riƙa tuƙa abarta.

Yayanta Babandi bai hana ta ba, amma ya ba ta shawarar ta nemi ta hannu.

"Ke da ba ki taɓa riƙe sitiyari ba, sai ki fara da sabuwa dal? Ki sayi wadda ko kin goga bango ba za ki ji zafi ba."

"Yaya, ta hannu ban san abin da mai ita ya yi mata ba," in ji ta. "Ni ina son wadda zan san halinta tun daga farko."

Kafin ta sayi motar sai da ta koyi tuƙi. Wani makanike Batibi mai suna Aper, wanda garejinsa ke kusa da tashar motocin Makurdi a Lafia, shi ya koya mata da tsohuwar motarsa a filin ƙwallon wata firamare. Mutum ne mai faɗa, ba ya kallon girman kowa in ana maganar inji. Duk sanda ta saki kuloci da ƙarfi motar ta mutu, sai ya kama kai ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Sista, wannan ƙafa naka yana gaggawa. Mota ba ya son gaggawa." Ita kuwa ba ta taɓa jin haushi ba. Sai ta sake tayarwa. Da ta sami lasin, tare suka hau mota zuwa Jos, ta zaɓi Fijo 504 fara.

A hanyar dawowa Aper ne ya tuƙa har Akwanga, daga nan ya ba ta. Ya gaya mata sabon inji ba a matsa masa, sai ya sake tukuna, don haka kada ta bari allura ta wuce sittin. Da suka iso gangaren duwatsun nan na wajen Nasarawa Eggon, ya sa ta koma ƙaramar giya, ya hana ta kwanciya a kan birki. Tirelolin doya na ta danna mata hon a baya. Ta kauce gefe ta ba su hanya, ta ci gaba da tafiyarta. Har suka isa Lafia ba ta ce a karɓe ta ba.

Cikin 'yan makonni unguwarsu ta san tsarinta. Da safe kafin ta sha koko za ta buɗe gaban motar, ta zaro sandar baƙin mai ta goge ta sake tsomawa, ta leƙa ruwan lagireto, ta zagaya tana danna tayoyi da babban yatsa. Ta sa an yi mata rumfar kwano don kada rana ta cinye fenti. Mahaifiyarta, Iyatu, gishiri take dafawa a Keana, kuma duk zuwan da Sabuwa ta yi sai an haɗo ta da shi. Aper ya ce mata gishiri da ƙarfe ba sa shiri, to sai ta shimfiɗa leda da tsohuwar tabarma a but, in ta sauke kaya ta wanke wurin da ruwa ta shanya. Direbobin tasha suka sa mata suna Sista Sannu-Sannu. Ta ji, ta yi dariya, ba ta ƙara gudu ba.

A watan Agusta, wata Talata da hantsi, wani Bafulatani mai suna Hammawa ya iso asibitin a kan keke, rigarsa jiƙe sharkaf. Matarsa Daso tana naƙuda tun jiya, abin ya ƙi zuwa, ƙarfinta ya fara ƙarewa. Rugarsu tana can bayan Shabu, sai an ƙetare wani rafi. Sista Sabuwa ta ɗauki jakar kayan aikinta da fulas na ruwan zafi, ta ce ya bar keken ya shiga mota.

A tafiya rafin bai kai idon sawu ba a kan kwalbatin, suka wuce lafiya. Da suka isa rugar ta duba Daso, sai ta ga yaron bai kwanta daidai ba, ta ce gara a tafi babban asibiti a Lafia. Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwar mijinta, Usaina. Suna fitowa ruwa ya sake kecewa, irin wanda waifa ba ta iya share shi. Sabuwa ta kunna fitilu, ta tafi a hankali tana kauce wa ramuka. Da suka dawo bakin rafin sai suka tarar kwalbatin ya ɓace. Ruwa ja ne ke gudu a kansa, ɗauke da karan dawa da rassan itace.

Ta tsaya, ta ja birkin hannu. Ta tuɓe takalmi, ta karɓi sandar Hammawa, ta tattare zaninta ta shiga. Ba ta yi nisa ba ruwan ya wuce gwiwarta, yana jan ƙafarta. Ta dawo.

"Ba za mu shiga ba," ta ce.

Hammawa ya dube ta, ya dubi matarsa da ke nishi a baya. "Sista, don Allah. Motar sabuwa ce, tana da ƙarfi."

"Ƙarfinta bai kai na ruwan nan ba, Malam Hammawa. In injin ya sha ruwa a tsakiya, mu duka ne, har da abin da ke cikinta. A nan ina da hannuna da kayana. A cikin ruwa ba ni da komai."

Ya koma gindin wata ɗorawa ya tsuguna, ya rufe fuska da hannu.

Ana haka wata a-kori-kura ta iso da lodin doya. Direban ya leƙo ya ce ta matsa masa, shi kullum nan yake bi. Ta matsa, amma ta gaya masa inda ruwan ya kai mata. Ya ce da gudu ake shiga, ya taka totur. Ya kusa rabi motar ta yi tari ta mutu, ruwa ya fara karkata bayanta. Da ƙyar shi da fasinjojinsa suka fito ta taga, mutanen ƙauyen da suka taru suka jefa musu igiya. Ba wanda ya rasa ransa, amma doya da yawa ta bi ruwa.

Sabuwa ba ta tsaya kallo ba. Ta juya motarta ta hau wani tudu, ta sa duwatsu a bayan tayoyi. Ta tura kujerun gaba, ta sa Usaina ta rataya zannuwa a gilasai, ta wanke hannu da ruwan fulas. Abin da ta yi a cikin motar nan ita da Allah suka sani, sai Usaina da ta riƙe kafaɗun Daso tana karanto mata addu'a da Fulatanci. Ta lallaɓa ta gyara kwanciyar yaron, tana yi wa Daso magana a hankali, tana gaya mata sanda za ta yi nishi da sanda za ta huta. Wajen azahar aka ji kuka. Mace ce, ƙarama, amma muryarta ta kai gindin ɗorawa. Hammawa ya miƙe, ya zo ya tsaya nesa kaɗan da motar.

Sabuwa ta leƙo da kai. "Mace ce. Uwar tana nan, amma ta zubar da jini, dole mu kai ta Lafia."

Ruwan sama ya ɗauke, rafin ya fara ja da baya. Mutane suka haɗu suka turo a-kori-kurar gefe. Sabuwa ta kafa kara a bakin ruwa tana duba saukarsa, tana komawa tana taɓa jijiyar hannun Daso. Da gefen kwalbatin ya bayyana ta sake shiga da sanda, ta bi shi har ƙetare don ta tabbatar ruwa bai cinye wani ɓangare ba. Sannan ta sa giya ta ɗaya ta shiga, ƙafarta a daidaice, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da suka hau tudu ta ɗan tattaka birki har ya bushe ya kama, kana ta ɗauki hanya. Ko a kan kwalta ba ta yi gudun da zai girgiza mai jego ba. A asibiti aka yi wa Daso ƙarin ruwa da jini, bayan 'yan kwanaki aka sallame ta.

Washegarin haihuwar Sabuwa ta kai motar garejin Aper. Ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya buɗe matatar iska ya ga a bushe take, ya canza baƙin mai duk da haka. Ya buɗe ƙofar baya ya ga yadda kujerar ta ɓaci. Ta ce ta wanke da sabulu da ruwan zafi, tabon ya ƙi fita.

"A bar shi," in ji Aper. "Zan ɗinka maka riga a kai. Inji lafiya, shi ne magana."

Ranar suna Hammawa ya aiko mata da ƙwaryar man shanu da zabi biyu, da saƙon cewa yarinyar ta ci sunanta. Labarin ya zaga tasha, har direban a-kori-kurar ya zo asibiti ya gaishe ta, yana sosa ƙeya.

Bayan damina wata sabuwar nas mai suna Iveren, wadda aka turo daga makarantar koyon aikin jinya, ta sami Sabuwa a ofis, tana jin kunya, ta ce ita ma tana son ta iya mota.

"Kin ci abinci?" Sabuwa ta tambaye ta.

"Na ci, Mama."

"To ɗauko tsumman can. Yau ba za ki hau kujerar direba ba. Zo in nuna miki inda ake duba mai tukuna."