Kaset ɗin Waƙar Masunta

Kwana uku ke nan Ezekiyel yana ɗaure kwalaye a shagonsa na bakin kasuwar Haɗeja, bai ci ko rabin aikin ba. Sai ya ɗauki kaset ya karanta rubutun da ke bayansa, ya ajiye, ya fita ƙofa ya tsaya, ya dawo. 'Yarsa Mercy ta riga ta gyara masa ɗaki a Jos, kullum sai ta bugo waya.

"Baba, yaushe za ka taho?"

"Jibi," in ji shi. Haka yake faɗa tun makon jiya.

Shekara arba'in da suka wuce ya zo garin daga Jos yana gyaran rediyo. Da ya samu hali ya sayi rakoda da makirufo, sai ya fara ɗaukar makaɗa. A zamanin, ranar kasuwa ba ka samun wurin sa ƙafa a shagon. Direbobin Nguru da Gashuwa kan tsayar da mota su sayi kaset goma-goma. Masu kalangu, masu kukuma, mawaƙan noma, har mawaƙan cocinsu, duk a ɗan ɗakin baya da ya liƙe wa tsofaffin katifu ya ɗauke su. Faifan sidi ya zo ya rage kasuwar, waya ta zo ta ƙarasa ta. Yanzu cajin waya kawai ake kawo masa. Ambaliyar bara waccan kuma ta shiga shagon ta jiƙa kwali goma sha ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi wani mai sayar da kifi ya tsaya da babur a ƙofa, bai ko kashe inji ba.

"Kai ne Mai Kaset? Malam Shu'ibu mai kukuma ya ce ka zo yau, ka taho da Waƙar Masunta."

Rabon Ezekiyel da Shu'ibu ya fi shekara goma. Waƙar nan kuwa ita ce kaset ɗin da ya fi kowanne tafiya a shagon. Ya kwance kwalayen da ya sha wahalar ɗaurewa, ɗaya bayan ɗaya, har ya tarar da na asalin a cikin waɗanda ruwa ya taɓa. Bai yarda ya gwada shi a nan ba. Ya jefa shi a jaka da ƙaramar rakoda, ya sayi batir huɗu, ya hau ɗan acaɓa.

Bayan Auyo hanya ta nutse. Aka shiga kwale-kwale, ana ratsa gonakin shinkafa da ciyawar kacala wadda ta toshe rabin mashigar. Ezekiyel ya rungume jakar a ƙirji, duk lokacin da jirgin ya karkata sai ya ɗaga ta sama.

Ya iske Shu'ibu a tsakar gida, ya rame, kukuma a kan gwiwa. Ko gaisuwa ba su ƙarasa ba tsohon ya ce, "Ɗan Jos, na shiga uku. Asabar za a naɗa sabon Sarkin Ruwa, an ce in yi waƙar. In na kai baiti na huɗu sai in tsaya kamar jaki a bakin gada. Sunayen sarakunan ruwa da tafkunan da suka riƙe, duk sun zube mini. Kunna in ji kaina."

Ezekiyel ya danna. Murya ta fito, ta saurayi, mai kaifi, tana rawa kaɗan saboda zaren ya sha ruwa. Shu'ibu ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa, leɓunansa suna bin ta. Baiti na huɗu ya wuce, na biyar, na shida. A na bakwai muryar ta yi nauyi, ta ja, ta tsaya.

Rakoda ta cinye zaren. Ezekiyel ya zaro shi a hankali, ya naɗe da biro, ya haɗa inda ya tsinke da salatef. Ya sake dannawa, zaren ya sake tsinkewa. Da ya ɗaga kaset ɗin ya duba a hasken rana sai ya ga sauran zaren ya manne ya zama dunƙule guda.

"Akwai wani a shago?" in ji Shu'ibu.

"Na sayar da su duka tun tuni. Wannan ne uwar."

Gumi yana zubo wa Ezekiyel ta bayan kunne, yana ta juya biro a kaset ɗin da ya san ba zai juyu ba.

Daga can bakin rumbu, inda Saude matar Shu'ibu take sheƙar shinkafa, sai aka ji ta ɗauko baitin daga inda ya yanke. Ba rerawa take ba, faɗa take kamar mai lissafa 'ya'yan dangi: wane ya riƙe tafkin gabas shekara tara, ɗansa ya gaje shi, a zamaninsa kada ya kife jirgi biyu.

Shu'ibu ya juya. "Ke kuma a ina kika riƙe?"

"Malam, ai daga bakin babana na kwaso maka sunayen nan. Ka manta har da wannan?"

Hannun Ezekiyel ya riga ya shiga jaka. Ba shi da kaset sabo, sai wani na mawaƙan coci da yake da irinsa uku a shago. Ya yago takarda ya toshe ramin gefensa don ya ɗauki sabuwar murya.

Saude ta ajiye faifan sheƙa. "A'a, Mai Kaset. Muryata ba ta zuwa kasuwa."

"Uwargida, kasuwar ma ta mutu. Ko na kai, ba mai saye."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Ta yarda, da sharaɗin kaset ɗin ba zai bar gidan ba. Sau uku suna farawa: na farko zakara ya ɓata, na biyu Shu'ibu ya rigaye ta ya yi kuskure suka tsaya gardama. Na uku ta faɗa, ya rera, kukuma ta bi, har ƙarshe. Batir ya kusa mutuwa lokacin da suka gama.

Ranar Asabar Ezekiyel ya sake ƙetaro ruwa. Shu'ibu ya yi waƙar, ya yi tuntuɓe sau biyu ya kama. Dattawa sun saurara, wani ya share ido da aka ambaci kakansa. Samari sun ɗaga wayoyi na ɗan lokaci, kafin a kai rabi sun koma wajen da aka kafa lasifika.

Mako guda bayan nan ya shiga motar Jos da kwali shida, ya ƙi yarda a ɗora su saman mota, sai da ya biya musu kujera. A Jos ɗin ma bai zauna ba. Ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin wani mai juye kaset cikin kwamfuta, wanda ya ce goma kawai zai iya a mako. Duk Litinin Ezekiyel yakan kai goman da kansa, ya tsaya a bayan mutumin har a gama, yana ce masa ya rage wannan, ya ƙara wancan, kalangun nan ba haka yake fita ba.