Uwar-gayya Ta Tafi Koyon Omo

Jiya da daddare wani mafarki na yi, har yanzu bakina ɗanɗanon sabulu yake.

Bari dai in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai. Ina da tukunya. Ba irin 'yan ƙananan nan ba, babbar tukunyar dalma ce mai ƙafa uku, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Uwar-gayya muke ce mata. Duk suna, duk biki, duk sadakar mamaci a unguwar nan, a cikinta aka dafa shinkafar. Ban taɓa hana kowa aronta ba. Abin da na sani kawai, ba a dawo da tukunyar aro fayau. Wata ta sako gishiri, wata daddawa. Ladiyo matar mai faci ce kaɗai ta dawo min da ita ba ko tsinke, kuma ina sane.

To jiya bayan la'asar sai ga Suwaiba, matar autana Sagiru, ta zo ta durƙusa da tsohon cikinta. Wai an koya musu haɗa omo a gida, ta sayo soda da sauran tarkacen, babban mazubi kawai ta rasa. Ni kuwa na san soda. Na ga yadda ta cinye farantin dalma ta bar shi kamar an yi masa zanzana. Sai dai ni ce kullum nake mitar kuɗin omo ya yi yawa a gidan nan, ga jariri na tafe da tulin wankinsa. In na ce soda na cin dalma, za a ce tsohuwa ta samo wa rowa dalili. Da wane bakin zan hana matar ɗana abin da ban hana bare ba? Sai na ce mata, “Allah ya kai mu safiya.” Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

A mafarkin, rana tsaka ce. Na shiga ɗakin ajiya na tarar gurbin Uwar-gayya ba kowa, sai sawu a ƙasa, uku-uku, sun nufi zaure. Na yafa mayafi na bi su.

Garinmu ne, amma kuma ba shi ba ne. A can tufafi ne ke wanke mutane. Na ga wata babbar riga ta saɓo mai ita a kafaɗa za ta kai shi rafi, ga wani zanen atamfa yana jan yara biyu da suka yi dauɗa. Wani wando na tsugune a ƙofar gida yana cuɗa wani saurayi a bokiti, yana ta mita wai jiya-jiya ya wanke shi. Ban yi mamaki ba. Na gaishe su, suka amsa.

Mayafina ya ce, “Ke ma kin kusa. Wuyanki ya fara.”

Na ce, “Bari in ga tukunyata tukuna.”

Sai ga ni a wani fili an ɗaura igiyar shanya daga tsamiya zuwa tsamiya, an shanya maza reras. Na uku daga gefe Malam ne, mijina, Allah ya ji ƙansa. An maƙale shi ta kafaɗu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana jan carbi hankalinsa kwance.

Na ce, “Malam, sannu da hutawa. Ba ka ga Uwar-gayya ta wuce ba?”

“Ta wuce. Ta gaishe ni ma. Ta fi ki zumunci.”

“Ina ta nufa?”

“Makaranta. Wai sana'a za ta koya.” Ya ɗan juya da iska. “Marka, taɓa min ƙafar nan, na bushe?”

Na taɓa. Na ce da saura. Ya ce to in hadari ya taso in tuna in kwashe shi. Na tuna masa buhun geron da ya ara a rumbuna shekarar da aka yi fari, ya ce a nan ba a jin magana sosai saboda iska.

Makarantar a tsakar gidanmu take, sai dai tsakar gidan ya yi faɗi har ba a ganin katanga. Malamar agwagwa ce, ta ɗaure baki da ƙyalle, ta sa safar roba a fukafukai. Zabi sun yi layi suna jiran a gama, wai za su wanke ɗigo-ɗigon jikinsu. Wata da aka riga aka yi gwaji a kanta tana gefe fara fat, ɗigon nata ya zube a ƙasa kaji na tsattsaga.

Na ce mata, “Yanzu ke mece ce?”

Ta ce, “Ana dai bincike.”

Can na hango ta. Uwar-gayya na zaune a kan tabarma kamar baƙuwa, ta harɗe ƙafa biyu ta miƙe ɗaya. Suwaiba na tsaye a kanta da muciya mai tsawon giginya. Kusa da su an jera kayan haɗi: soda a jiƙe tana hayaƙi, man alayyadi a galan, wani farin gari mai sunan da sai 'yan boko, da shuɗi, da turare a 'yar kwalba.

Na zauna kusa da tukunyata na rage murya. “Ke kuma da girmanki? Me aka yi miki?”

Ta ce, “Ba a yi min komai ba. Zaman ɗaki ne ya ishe ni. Daga suna sai a jira wani ya mutu. Gizo-gizo har jikoki ya yi a cikina.”

“Soda za ta cinye ki.”

“Wuta ma shekara nawa tana cina ta ƙasa, kin taɓa yi min jaje?”

Na kau da kai. Sai wata 'yar tukunya ta matso, jikinta duk huji, rana na ratsa ta tana zuba ɗigon haske a ƙasa. Na gane ta, ta Ladiyo ce.

Ta ce, “Ni an gama da ni tun ɗazu. Ba laifi. Ana shan iska.”

Na ce, “Ki gaya wa uwar ɗakinki ina sane.”

Agwagwa ta buga ƙafa, aka yi shiru. Ta ce doka ɗaya ce a aikin nan: hannu ɗaya ake juyawa, ba a komawa baya. In aka juya baya jiya ce za ta dawo, kuma an riga an wanke jiya an goge. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Suwaiba ta russuna. “Inna, a zuba?”

Na buɗe baki zan ce a'a, sai kumfa ta fito. Fara tas, mai ƙanshin lemon tsami. Ta tashi sama ta bi iska. Na sake gwadawa, wata ta fito, ta fi ta farko girma.

Agwagwa ta ce, “Ma sha Allah. Ta amince, har da ƙari.”

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a gidan suna. Sunan jaririn Suwaiba ne, ko da yake tana gefe da cikinta bai sauka ba. Mata cike da gida, kowa da kwanonta. An dafa shinkafar a Uwar-gayya, ana ta rabawa, kuma duk wadda ta kai loma sai kumfa ta fito mata ta hanci. Ba wadda ta daina ci. Wata tsohuwa ta ce shinkafar Inna Marka bana ta fi tsabta. Daga zaure liman ya raɗa suna, sunan ya shigo cikin gida a cikin ƙwallon kumfa, yana lilo a saman kawunanmu. Muka miƙa wuya mu ji. Ya taɓa reshen dalbejiya ya fashe.

Na ce, “Wa aka ce?”

Aka ce, “Ya fashe. Sai wani cikin.”

Na ji ba daɗi. Jikana guda, ba suna, a kan omo.

Sai na koma gaban agwagwa, Suwaiba ta ɗaga bokitin soda za ta juye. Tunda baki ya ƙi, na tattare zanena na taka gefen tukunyar na shige ciki na zauna. A raina na ce ai dai ba a zuba wa uwar miji soda a ka.

Agwagwa ta leƙo ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta dube ni da ɗayan. Ta ce, “Soda, akwai. Alayyadi, akwai. Tsohuwa ɗaya, ga ta. Dama ita ta rage. A zuba.”

Suwaiba ta ce, “Inna, ɗan ɗaga ƙafa kar in buge ki.”

Na ɗaga. Yarinyar akwai ladabi, ba zan ci hakkinta ba.

Aka zuba. Ba zafi, ɗumi-ɗumi ne kamar ruwan jego. Suwaiba ta fara juyawa hannun dama, ina zagayawa a hankali. In na zo gabas in ga zabi, in na zo yamma in hango Malam a kan igiya yana ɗaga min hannu. Haɗin ya yi kauri, ya fara tasowa kamar ƙullun waina, ya kawo min ƙirji. Gaskiya da daɗin zama. Har na fara gyangyaɗi.

Sai na ji iska a tafin ƙafata.

Na laluba, huji ne. Na toshe da diddige. Wani ya ɓulle, na sa ɗaya diddigen. Na sa tafin hannu, na sa gwiwar hannu, na zauna a kan wani. Ta hujin da na kasa kaiwa sai abinci ya fara fita, ba omo ba. Shinkafar bikin babbar 'yata ta fita tana tururi. Dambun sunan Sagiru ya bi ta. Faten da aka yi ranar sadakar Malam ya fita a hankali, bai kalli kowa ba. Suka yi layi suka nufi ƙofa.

Uwar-gayya ta ce, da wata murya siririya, “Marka, na fara jin sanyi.”

Na ce, “Ai na gaya miki.”

“Kin gaya min. Ita ce ba ki gaya wa ba.”

Na ɗaga kai na kalli Suwaiba. Gumi take yi, hannu ɗaya a muciya, ɗaya ta tallafe ƙugu. Ba mugunta a fuskarta, lissafin wankin jariri kawai take. Na ga in na ce ta daina, to da me za ta yi? Sai na tuna da shuɗiyar robata, babbar nan mai murfi da na saya don tarar ruwan sama, na kulle ta tun tana sabuwa don kar a sa mata ido. Ko ruwan ban taɓa tara a ciki ba.

Na ce, “Suwaiba, soda na cin dalma. Roba ake sawa. Akwai tawa a ƙuryar ɗaki.”

Maganar ta fita sarai, ba kumfa. Muciya ta tsaya. Zabi suka juyo. Shinkafa da dambu suka tsaya a bakin ƙofa suna jira su ji.

Agwagwa ta sauke ƙyallen bakinta. Ta ce, “Aro ko kyauta?”

Na ce, “Aro.”

Kumfa ta fito, har da 'yan ƙanana a bayanta. Wani sabon huji ya ɓulle a ƙarƙashina.

“Ba mu ji ba, Hajiya. Aro ko kyauta?”

Na tuna yadda na yi ciniki da mai robar nan har ya rantse ya faɗi. Ga murfinta mai kyau, ga hannaye biyu. Uwar-gayya ta yi tari, na ji tarin a ƙashin bayana.

Na ce, “Kyauta.”

Shi ke nan, hujojin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kamar idon mai jin barci. Abincin ya juyo ya dawo ya zauna a gefena, faten ya ɗora min kai a kafaɗa. Zabi suka sa guɗa. Guɗar tasu ba irin tamu ba ce, wani sauti ne shaaa, shaaa, shaaa, ba hawa ba sauka.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ashe ƙarar tsintsiya ce. Suwaiba ce ke share ƙofar ɗakina, wuri ɗaya take ta maimaitawa, wurin da ko ƙura babu. Amsa take jira, kunya ta hana ta sallama.

Na laluba ƙarƙashin matashi na zaro makullin ƙurya, na kira ta. Ta shigo ta durƙusa. Na ce ta bar min Uwar-gayya ta dafa shinkafar suna, ta je ta ɗauko shuɗiyar robar, ta sa safa a hannu kafin ta taɓa sodar nan.

Ta ce, “Inna, sabuwar? Aro kika ba ni?”

Na taɓa bakina na ji a bushe yake. Na ce, “Kyauta ce. Amma kwanon farko na omon nawa ne, kuma a cika shi ya yi tozo.”