Bangon da Filomen Ba Ta Gama Ba

Filomen ce ta yi zanen bangon majami'ar Katolika ta Gaya. Shekarar da ɗanta Selestin ya nutse a kogin Kwara ma ba ta daina ba. Da hannunta na dama ya shanye, ta koyi zane da hagu, mijinta Damiyan yana riƙe mata gwangwanin fenti, ita kuma tana jan carbi idan ta gaji.

Ta rasu da damina, tana tsakiyar zana Maryamu rungume da gawar Yesu.

Bayan jana'iza Damiyan ya shiga majami'a da 'yarsu Anyes. Sai ranar ya ƙare wa bangon kallo. Fuskar Yesu ta Selestin ce, har da tabon da ke goshinsa. Fuskar uwar kuwa farar siminti ce kawai.

"Baba, an ce za a kira wani mai zane daga Malanbil ya ƙarasa," in ji Anyes.

"Bai san fuskar ba," ya ce. "Ni na zauna da ita."

Ya zauna a benci, ya kasa yin addu'a.