Rabin Kitso

"Ba ni kawo ruwan, kuma kafar ga ba a toshe ta," in ji Saliha.

Muhtari yana durƙushe gindin katanga, ya tara ƙasa da ramno zai kwaɓa, hannuwansa sun yi fari fat don ɗari. Ya ɗago kai ya dubi matarsa. Tana tsaye da kasko cike da garwashi, ta tallabe shi da tsumma, hucinsa na dukan haɓarta.

"Mi kinka ce?"

"Ka ji ni, maigida."

Kafar da ake magana ba wata abar kallo ba ce. Wani gurbi ne da ruwan wata damina ya zaftare a katangar da ta raba gidansu da na Hindu mai kitso, can bayan tashar jirgin Ƙaura. Mutum sai ya sunkuya yake wucewa. Tun ranar da aka kawo Saliha gidan, ta nan wuta take zuwa mata. Ita malamar firamare ce, ta iya alli da allo, amma hura wuta da ɗanyen kara ya sha sa ta hawaye. Kullum da sassafe sai ta ga hannun Hindu ya ɓullo ta kafar da garwashi a sakaina, muryarta na biye: "'Yar boko, amshi, kada ki kashe ɗan mutane da hayaƙi."

Bana wutar ta juya. Tun kaka tari ya kama Hindu, irin wanda ba a son faɗin sunansa. Matan unguwa da a da suke layi a tsakar gidanta duk sati kafin Sallah, yanzu daga ƙofar zaure suke jefa sannu su wuce. Ɗanta ɗaya, Haladu, ya shiga soja lokacin yaƙi, bai dawo ba, ba a kuma kawo labarinsa ba.

"Saliha," in ji Muhtari, ya sassauta murya, "tarin ga shi ya ɗauki wana. Ni na yi jinyarsa, na san yadda yake cin mutum. Kina ba ɗiya nono, kina shiga ɗakin nan. Ke da kinka yi karatu ya kamata ki hana wani."

"Don na yi karatun na san abin da nake yi. Ina rufe hanci, ina wanka da sabulu, kwanonta daban. Abin da ban karanta ba shi ne a bar tsohuwa cikin ɗarin ga babu wuta."

"Umurni na ba ki."

"Na ji. Allah Shi huci zuciyarka."

Ta sunkuya ta wuce da kaskonta. Ya bi bayanta da kallo, sannan ya karkaɗe hannu ya tafi tasha, don ranar Alhamis ce, motarsa na da lodin kasuwar Shinkafi.

Shekarar ta zo da nauyi. Damina ta ɗauke tun gero bai yi ido ba, shanun da aka koro daga arewa suna faɗuwa a bakin hanya, ga Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar hunturu. Ruwan randa in ka taɓa sai ka ji har cikin haƙori. Kara ma ya zama abin ɓoyo. Tsofaffi ba su fita masallacin asuba sai da gwado biyu, yara kuwa ƙafafunsu duk sun dare da faso.

Ɗakin Hindu ya fi waje sanyi. Tana kwance a kan tabarma, ta naɗe cikin wani tsohon luru, ba abin da ya rage a fuskarta sai idanu. Da ta ga Saliha ta shigo da kallabi ɗaure a hanci, sai ta yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Ga ɓarauniyar kaji ta zo."

"Ina kwana, Iya? Ya sanyi?"

"Sanyi ya samu gida, ya ƙi biyan haya. Na ji ku da mutumin naki. Katangar ga ba ta da sirri."

"Rabu da shi. Tashi ki sha kunu."

Ta aje kaskon kusa da ƙafafunta, ta tallabo ta. Nauyinta bai fi na daron wanki ba. Sau biyu Saliha ta kai ta asibitin Gusau a jirgi. A zuwa na biyu malamin asibiti ya ja Saliha gefe ya ce an makara, a dai riƙa ɗumama ta. Hindu ba ta tambayi abin da ya ce ba. A hanyar dawowa sai ta yi ta zagin kitson wata mata da ke zaune gabansu, wai tsagar kamar hanyar shanu.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, motar Muhtari ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Daga gaba uwarsa ta sauko, Inna Kulsumu, wadda ke zaune a Banga. Ba ta saba zuwa ba sai da dalili. Saliha ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwan ɗumi da fura. Inna ba ta taɓa ba. Ta miƙa hannu aka ba ta jikarta Asta, 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni, ta juya ta, ta saurari ƙirjinta kamar mai sayen tukunya.

"Na binne ɗa ɗaya da tarin ga," in ji ta. "Ba ni binne jika. Ke malama ce, ba ni iya gardama da ke. Magana guda ce. Ko kafar can, ko ɗiyar ga."

"Inna, kwana nawa ya rage wa baiwar Allah nan? Ku yi mini haƙuri kaɗan."

"Tari ba ya haƙuri."

Sai ga shi kuwa ya taso daga bayan katanga, mai tsawo, mai kama da ana yage tsohon zane. Da ƙyar ya lafa. Rana ta yi sama, amma jaura na kaɗawa, kuma Saliha ta san garwashin safe ya daɗe da zama toka. Ta dubi mijinta, ya kau da kai. Ta dubi yarinyar, tana wasa da carbin kakarta. Sai ta tashi ta je murhu ta cika kasko.

Ba ta daɗe ba. Amma da ta dawo, Asta na goye a bayan Inna, an ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali.

"Inna, ba ta isa yaye ba."

"Ke kinka yaye ta, ba ni ba."

'Yar fari ce. Don kunya, Saliha ko sunanta ba ta taɓa kira a gaban mutane ba, balle ta bi mota tana kuka a kanta maƙwabta na kallo. Ta tsaya a zaure, hannunta na warin sabulu, ta ji kukan yarinyar ya haɗu da ƙugin inji, har ya ɓace wajen hanyar Banga. Duk taurin kan da aka san ta da shi tun tana makaranta, a nan bai yi mata rana ba.

Ba ta gaya wa Hindu ba. Ta ci gaba da kai wuta safe da yamma, tana dama kunu, tana ƙona tsummokaran tari a bayan ɗaki. Nono ya cika mata ƙirji ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Muhtari yana kwana gida, yana cin tuwonsa, magana ba ta wuce sannu. Ƙasar da ya tara gindin katanga tana nan, kaji na tona ta.

Ranar jajibiri gari ya cika da kukan raguna, duk da ragunan bana ƙashi ne da fata. Ana jin daka ta ko'ina, 'yan mata na wucewa da lalle a ƙafa suna tafiya a kan dunduniya. Saliha ta sunkuya za ta aje kasko, sai Hindu ta kafa wa gaban rigarta ido. Ya jiƙe sharkaf da nono.

"Ina Asta? Kwana biyu ban ji kukanta ba."

"Tana Banga."

"Yin mi?"

Saliha ta ci gaba da gyara garwashi.

Hindu ta yunƙura ta zauna da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Amma ke wawuya ce! Bokon banza! Kin ba da sabuwar ƙwarya don ki liƙe fasasshiya? Wa ya aike ki? Tashi ki fita mini daga ɗaki. Ki bi ɗiyarki yau ɗin ga."

"Ba ni zuwa."

"Ni na ce ki fita!"

"Maigidana ya ce, uwarsa ta ce, ban ji ba. Ke ce zan ji, da ba ki iya ɗaga ludayi?"

Hindu ta buɗe baki za ta ƙara, tari ya tare ta. Da ya sake ta, ta jingina da bango tana haki, tana kallon Saliha kamar yau ta fara ganinta. Can ta miƙa hannu ta fizge ɗankwalin kanta.

"La ilaha! Dubi kai kamar sheƙar angulu. Gobe Sallah, kina maƙwabciyar Hindu, ki fita da wannan? Ai sai a ce na mutu."

"Iya, bari. Ba ki da ƙarfi."

"Ƙarfi na dambe ne. Fid da ni rana. Ɗauko tsinke da man shanu, suna cikin tasar can."

Saliha ta shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa inda rana ke sauka kuma iska ba ta kai, ta jingina ta da dogaran ƙofa, ta lulluɓe mata ƙafafu, ta jawo kaskon kusa. Sannan ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta, ta juya fuska waje. Cinyar ba tsoka, kamar ta ɗora kai a kan taɓarya.

Yatsun suna da sanyi, amma ba su manta ba. Tsinke ya ja tsaga tun daga goshi har ƙeya, miƙe kamar layin dogo. Hindu tana kitso tana magana guntu-guntu. Ta ce a Gurbin Bore aka haife ta, a kan uwarta ta koya. Ta ce amaren unguwar nan kaf ta hannunta suka bi, har da masu jefo sannu daga zaure. Ta ce Haladu yana yaro ya taɓa ce mata ta yi masa shuku.

"In an dawo miki da Asta, kada ki ja mata gashin gaba. Mai laushi ne, irin na ubanta."

"To, Iya."

"Kuma ki rage baki."

"Wannan kam sai dai wani."

Ta ji cinyar ta motsa, alamar dariya. Aka gama ɓangaren dama. Tsinke ya shiga hagu, ya ja tsaga, yatsu suka kama gashi suka soma. Suka yi sannu. Suka tsaya. Saliha ta ɗauka hutawa take, ta jira. Wani rago ya yi kuka a maƙwabta, jirgi ya yi busa a tasha. Hannun yana nan bisa kanta, nauyinsa na ƙaruwa.

"Iya?"

Sai garwashi da ya yi ƙara a cikin kasko.

Kafin la'asar gidan ya cika. Matan da suka ƙaurace suka shigo suna salati, kowace da gefen mayafi a hanci. Da aka rasa mai kama wa tsohuwar da ke wankan gawa, Saliha ta kama. Muhtari ya bar lodi a tasha, shi ya sayo likkafani, shi ya ɗauki gaban makara. Da ya dawo daga maƙabarta ya tsaya a tsakar gida, ƙafafunsa duk ƙasa.

"Allah Shi jiƙanta. Ta yi mana maƙwabtaka."

"Amin. Yaushe za a dawo da yarinyar?"

Ya karkaɗe ƙafafunsa. "Inna ta ce sai an ga ke ba ki ɗauka ba. Kuma kin san wanda ya yaye shi ke riƙo." Ya ɗaura ragonsa a bayan mota, ya tafi Banga yin Sallah.

Saliha ba ta ɗauki tarin ba. Asta ma ba ta dawo ba, sai da ta isa shiga aji ɗaya. Ranar da aka kawo ta, ta durƙusa nesa ta gaishe da uwarta, ta kira ta Malama, kuma Malama take kiranta har ta yi aure. Abin da Saliha ta biya ke nan. Ba a taɓa jin ta ce ta yi nadama ba, ba a kuma taɓa jin ta ce da arha ta saya ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A safiyar Sallar, tun kafin masu zuwa Idi su fara wucewa da kabbara, ta tashi ta hura wuta, ta kama da busawa ɗaya. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ta zo a ƙarasa mata kitson, ta ce a bar shi. Ta cika kasko, ta tallabe shi da tsumma, har ta kai gindin katanga ta sunkuya, sannan ta tuna.

Ta zauna nan bakin kafar, kaskon a gabanta, dama kitse, hagu tsefe, tsinken yana soke inda aka bar shi. Iska na shigowa ta gurbin tana ɗaukar toka kaɗan-kaɗan daga kan garwashin.