Hoton Ƙashin Inna Hasana

Mahaifiyata Huseina ba ta shan magani, ba ta zuwa asibiti, ba ta kuma jin magana. Ta haura sittin, amma kullum ita ke hawa tsani ta ɗebo gero a rumbunmu na Kekun Waje, don ba ta yarda da hannun kowa ba.

Da damina abokiyar tagwaicinta, Inna Hasana, da ke aure a Kucheri, ta zame a gindin randa. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, sai ga tsintsiyar hannu ta karye. A Gusau likita ta auna ƙarfin ƙashinta, ta ce cikinsa ya zama kamar karan dawa da gara ta ci. Ta tambaya ko wani ya taɓa irin wannan karaya a gidansu. Akwai mana! Kakarmu a tsakar gida ta faɗi ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba har ta rasu. Likita ta ce abin yakan bi jini, balle tagwaye masu kama ɗaya. A kawo ɗayar tun ba ta faɗi ba.

Na isar wa mahaifiyata, Inna, da saƙo. Inna ta ce, "Hasana ta hwaɗi, ni lahiyata lau. Mi za ni yi Gusau?"

Na yi lallashi, na yi kuka, har tsanin na ɓoye, ta aro na maƙwabta.

Sai ga Inna Hasana da kanta, hannu a rataye. Ko kalma ɗaya ba ta roƙi 'yar'uwarta ba. Matan gida ta tara, ta zaro hoton ƙashinta ana ɗagawa a rana ana salati.

"Bisa gado mai laushi anka kwantar da ni," in ji ta, "likita na ta ce mini Hajiya. Dut gidanmu ni kaɗai anka yi ma wanga."

To, tun suna zanin goyo ba a taɓa yi wa ɗaya abu an bar ɗaya ba. Atamfa iri ɗaya, 'yan kunne iri ɗaya, aure ma rana ɗaya. Wanda ya ba 'yar tagwaye ya hana 'yar'uwarta ya jawo wa kansa fitina.

"Luba!" Inna ta ƙwala mini kira. "Watau Hasana kunka kai anka ɗauka hoto, ni kunka bar ni tsaron gero?"

Washegari ita ta riga kowa shiga mota.

Awo ya nuna ƙashinta ya fi na Inna Hasana rauni. Ita kuwa sai ta juya wajen 'yar'uwarta tana washe baki: "Kin jiya? Ko nan na hi ki!" Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba ta magani, ta ce ta riƙa shan nono, ta riƙa tattaki, tsani kuwa an yi sallama da shi.

Da muka zo matakalar fita, Inna Hasana ta miƙo hannunta mai lafiya. A rayuwata ban taɓa ganin Inna ta bari an riƙe ta ba. Ta dubi hannun, ta dubi matakalar, ta kama.

"Riƙe ni da kyau," ta ce. "Da ƙahwata nika son zuwa bikin jikokina."

Na biyo su a baya ina dariya, hawayen daɗi na zubo mini.